Zumunta A Kan Takardar Roba

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Gaskiya ne, amma ba kullum ne ƙafa take samun zuwa ba. Wani nisa ne ya hana shi, wani tsufa, wani kuwa halin da hanya take ciki. A irin wannan hali ne mutum yakan nemi ɗan aike, kuma a cikin 'yan aiken da na sani ban ga wanda ya kai katin gaisuwa na hannu riƙon amana ba. Saboda haka nake son in ɗan yi wa masu karatu bayanin wani aiki da na daɗe ina yi a nan Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, watau yin kati da takardar roba mai garai-garai, wadda Turawa ke kira asitet.

Shi katin gaisuwa baƙo ne a ƙasarmu. A birnin Landan aka fara buga katin Kirsimeti na sayarwa a cikin 1843, sa'ad da wani mutum mai suna Henry Cole ya sa John Horsley ya zana masa shi, aka buga guda 1,000. Ita ma takardar roba baƙuwa ce. Wani masani Bafaranshe, Paul Schützenberger, shi ya fara haɗa sinadarinta a cikin 1865, kuma asalinta daga auduga ne ko ɓargon itace, a haɗa da tsami irin na ruwan khal. Amma fa ado da zane ba baƙi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ga allon zayyana ranar saukar karatu, ko ya ga yadda dukawa ke danna zane a jikin fata, ko yadda maƙeran Bida ke tayar da fure a kan tiren tagulla, ya san hannun mutanenmu ya daɗe da sanin wannan aiki. Haka kuma Gbagyi, waɗanda muke zaune tare da su a nan, su ne suka haifi Ladi Kwali, mai ginin tukwanen nan da hotonta ke jikin takardar naira 20, wadda takan zana kifi da ƙadangare a kan tukunya tun tana ɗanya.

Ni na koyi aikin ne a wajen wani abokina, malamin zane, mutumin Kafanchan, lokacin da muke koyarwa a makaranta ɗaya. A zamanin nan takardar roba tana da wuyar samu. Mukan tattara ragowar wadda malamai ke rubutu a kai su ɗora a majigi, in ba a samu ba mu nemi tsohon fim na hoton ƙirji, mu jiƙa shi cikin ruwan bilic har baƙin ya wanke, ya koma fes, da ɗan shuɗi-shuɗi. Yau kuwa ana samunta a shagunan masu ɗinkin littafi a Kaduna, ko da yake yawancin wadda ake sayarwa da wannan suna wata irin roba ce dabam. Duk da haka aiki ɗaya suke yi.

Ga yadda ake yi. Da farko sai a goge takardar da sifirit, domin maiƙon yatsa yakan hana fenti zama. Sa'an nan a shimfiɗa ta a kan abu mai ɗan taushi, kamar ƙyallen fata ko tsohon tub na mota. A ɗauki biro wanda tawadarsa ta ƙare, a riƙa bin zanen ana dannawa a hankali, sau biyu ko sau uku, har layin ya taso ta ɗaya fuskar, ya yi fari-fari. In aka danna da ƙarfi gaba ɗaya sai ta huje, shi ya sa a nan ma sauri kan haifi nawa. Bayan haka sai fenti. Mai ruwa ba ya kama roba, sai ya taru ɗigo-ɗigo, saboda haka a nemi fentin gilashi ko maka wadda ba ta gogewa. A kiyaye maganin goge jan farce, gama yakan narkar da asitet na ainihi, a kuma nisanta ta da wuta da dutsen guga, don zafi yana lanƙwasa ta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a cikin aikin shi ne ta baya ake yinsa, kamar yadda masu zane a Senegal ke yin fenti a bayan gilashi. Abin da ido zai fara gani shi ake fara zanawa, watau ƙananan layuka da rubutu, sa'an nan a rufe su da babban launi daga ƙarshe. Rubutun ma a juye ake yinsa, daga dama zuwa hagu, in na boko ne. Ke nan tun kafin ka ɗora hannu dole ka san wanda za ka aika wa, da sunansa, da launin da yake so, domin in fenti ya rufe babu gyara. Da hunturu kuwa, lokacin katin Kirsimeti, ƙura ita ce babbar abokiyar gaba, sai an kife masaki a kan aikin har ya bushe. Daga nan a yanke taga a jikin kwali, a sa takardar azurfa a baya don haske, a ɗinke da zare ko a ɓoye gam a ƙarƙashin baki, gama gam yana nunawa ta cikin roba. Kati ɗaya mai kyau yakan ci mini yini guda.

To, wani zai ce ina amfanin wannan wahala? 'Ya'yana ma sun sha tambayata haka. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a cikin 2001, mutum yana zaune zai aika wa mutum ɗari barka da Sallah da danna yatsa ɗaya. Ban raina wannan ba, ni ma ina yi. Amma mai karɓa ya san shi da sauran mutum casa'in da tara aka haɗa. Shi kuwa katin hannu, yini ɗaya ne daga cikin kwanakinka ka yanka ka ba mutum, kuma ya san ba a yi shi don kowa ba sai shi.

Wannan magana tana da nauyi a jiharmu. Bayan rikicin Kaduna na 2000 mutane da yawa sun tashi daga unguwannin da aka haife su, Musulmi suka fi taruwa arewa da kogi, Kirista kuma kudu da shi. Maƙwabtan da suka saba musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti suka wayi gari sai gaisuwa daga nesa. A shekarun nan ne abokina ya koma Kafanchan. Ziyara ta yi wuya, amma kati bai yanke ba. Kowace Sallah direban mota yakan kawo mini nasa, da jinjirin wata ko dagi a jiki, kowace Kirsimeti kuma ni in aika masa da nawa, da tauraro ko hoton ruwan Matsirga da yake ƙauna.

Da Allah ya yi masa rasuwa na je ta'aziyya. Bayan mun gaisa, mai ɗakinsa ta shiga ta fito da wata tsohuwar gwangwanin biskit, ta ce, "Malam, ga ajiyar abokinka." Katunana ne duka, a jere bisa ga shekarunsu. Kwalin wasu ya yi ja, gara ma ta ɗan taɓa gefen biyu, amma launin yana nan kamar jiya aka shafa, domin robar da ke gaba ta tsare shi. Ɗansa, wanda bai taɓa ganina ba, ya durƙusa ya gaishe ni da sunana, ya ce tun yana yaro yake karanta shi a jikin katin. Yanzu shi ne yake aiko mini da na Sallah, kuma hannunsa ya kusa kamo na mahaifinsa.

Ina roƙon malaman zane a makarantunmu su koya wa yara wannan aiki, tun da kayansa ba su da tsada, kuma yaro mai basira zai iya samun na kashewa wajen yin katin biki da na suna. Ku kuma masu karatu, in biki ya matso, kowa ya tuna da wani maƙwabci da zama ya raba su, ya aika masa da abin da hannunsa ya yi, ko da zanen bai fita sosai ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ƙara mana zumunci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.