Sawun Inna a rairayi

A Jiratawa, kudu da Maradi, maƙwabta sun riga Inna gane ciwonta, domin sawunta ne ya tona asiri. Sawun mai lafiya yakan bar gurbi a tsakiya, inda tafin ƙafa ya lanƙwashe kamar baka. Nata na hagu kuwa sai ya koma shimfiɗe kamar faifai, dunduniya ta karkata waje.

Shekara ashirin tana ɗauko zogale daga gonakin noman rani zuwa kasuwar Maradi, ba ta kuma fashin zumunci a Tibiri, garin haihuwarta. Da ta haura shekara hamsin, sai gefen idon sawunta na ciki ya kama kumburi. Maɗori ya shafa ya ce babu karaya, kuma gaskiya ya faɗa. Ƙasusuwa 26 na ƙafar suna nan lafiya. Abin da ya gaji jijiya ce da ke saukowa ta bayan idon sawu tana riƙe da wannan baka. Ciwon ya fi kama mata masu shekaru, musamman masu ƙiba, ciwon suga ko hawan jini.

Likita ya ce ta tsaya da ƙafar ita kaɗai, ta ɗaga dunduniya. Ta kasa. Da takalmi na musamman bai wadatar ba, aka yi shawarar fiɗa: a yanke ƙashin dunduniya, a gusa shi ciki, a aro jijiyar da ke lanƙwasa ƙananan yatsu ta tallafi wadda ta gaji. Ya ce da gaɓoɓin sun riga sun sandare, sai dai a haɗe su wuri ɗaya, ƙafa ta daina zafi amma ta rasa juyawa a kan kunya da gargada.

Ba wuƙa Inna ta ji tsoro ba. Tsoronta sati shida ba tare da taka ƙasa ba, sannan watanni na koyon tafiya. Wa zai kai zogale kasuwa? Ɗiyarta ta ce: "Inna, ke kika goya ni, bari in ɗauki tiren."

Bayan shekara guda, takunta ya ƙara tsawo, ƙafar ta koma tura jiki gaba maimakon a ja ta. Sai dai ba ta dawo ta ƙuruciya ba. A kan kwalta tana tafiya lafiya. Cikin rairayin Gulbi takan rage sauri, da maraice kuma ƙafar takan ɗan kumbura.

Ran da ta sake shiga Tibiri, a bakin hanya ta sauka daga mota, ta ƙi hawa kabu-kabu, ta taka har gidan yayarta. Da aka yi mata barka, sai ta waiga tana duban sawunta. Gurbin ya dawo, ko da yake bai kai na dama zurfi ba.