Kwana Biyu A Ƙofar Kuyambana, Daga Ni Sai Maigida

'Yan'uwana mata masu bibiyar wannan fili, na san da an ce maigida zai fita da uwargida shan iska, abin da ke fara faɗo wa kowa a rai shi ne Abuja, ko Dubai in aljihu da nauyi. To ni dai nawa rabon bai wuce Zariya ba, Zariyar ma cikin birni, can Ƙofar Kuyambana inda aka binne cibiyar maigidana. Shekararmu ashirin da takwas da aure, 'ya'ya biyar, jikoki biyu, amma ban taɓa yin doguwar tafiya daga ni sai shi ba, ba yaro ba ƙanin miji, sai cikin hunturun 2023.

Dalilin tafiyar ba na daɗi ba ne. Tun da Allah Ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa a 2019 Alhaji ya ɗauke ƙafa daga garin, ko biki ake sai dai ya yi aike. Ga shi 'yan'uwansa sun matsa a sayar da gidan gado a raba kuɗi, sa hannunsa kawai ake jira. Mutumin da a da in yana gida har maƙwabta sai sun ji dariyarsa, ya koma daga "sannu da aiki" sai "sai da safe". Da ya ce zai je ranar Asabar ya gama da maganar, na ce ƙafata ƙafarsa. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ai ba biki za ni ba." Na ce na ji, ni zan mai da shi biki. Daren nan na sa aka zana mini lalle, na turara leshina ruwan toka da turaren wuta, na jefa kwalbar humra cikin jaka.

Hanyar Kano zuwa Zariya ba sai na ba ku labarinta ba. Kura, Kwanar Dangora, Tashar Yari inda na sa ya tsaya muka sayi rake, sai ga mu a Kwangila. Muka bi ta PZ, muka haye Kubanni zuwa Tudun Wada, muka shiga birni ta Ƙofar Doka.

Wanda bai san Zariya ba yakan ɗauka gari ɗaya ce, alhali garuruwa ne aka jera: Samaru ta 'yan boko, Sabon Gari ta 'yan kasuwa da baƙi, Tudun Wada, sannan birni mai ganuwa. Ganuwar nan jama'a na jingina ta ga Sarauniya Amina, kuma ƙofofinta kowace da sunanta: Doka, Kona, Gayan, Bai, Jatau, Galadima, Tukur-Tukur, da tamu Kuyambana da ke ɓangaren yamma. Dattawa sun ce sunan ƙasar Kuyambana ta ɗauka, don ta nan hanyar can ta fita. Alhaji ya ajiye mota muka taka da ƙafa. Allah Sarki, ganuwa! Wani wuri tana nan tudu guda ja jawur, awaki na hawa suna sauka, wani wurin ruwan sama ya cinye ta, wani kuma hannun mutane ne, an ɗebe ƙasar an yi tubali. Ya nuna mini inda suke zamiya suna yara har wandunansu su yage, ya nuna mini duwatsun Kufena can nesa cikin hazo, inda aka ce mutanen Zazzau sun zauna kafin birnin nan. Maganar da ya yi cikin rabin sa'ar nan ta fi wadda ya yi mini a wata guda a Kano. Ni dai ban katse shi ba, rakena kawai nake sha.

A gida Gwaggo ce kaɗai ta rage, ƙanwar mahaifinsa, da wasu jikoki masu yi mata aike. Tana hango mu daga bakin soro ta hau tafi: "Lale, lale! Amaryan mu ne yau a gari?" Ku ji fa, amarya mai jikoki biyu. Zazzagawa dai ba ruwansu da bambance mace da namiji a magana, komai "ne", kuma shekara ashirin da takwas ina tsokanarsu ba su daina ba. Ta dubi Alhaji ta ce, "Kai kuma sai yau ka tuna hanya?" Ya durƙusa ya sunkuyar da kai kamar ɗan makarantar allo.

Ta sa aka yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, ta kabewa da alayyafo da gyaɗa, an zuba man shanu har yana kwanciya a gefen akushi. Na ci abinci a manyan wurare, amma miyar nan ta tsohuwa mai murhun duwatsu uku ban san da me zan kwatanta ta ba. Sai da muka wanke hannu Alhaji ya tura ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, sanyi ƙalau, jeren kwanoninta na nan yadda ta bari. Ya zauna bakin gado bai ce komai ba. Na ja ƙofar na bar shi, na je na taya Gwaggo tsince wake.

Da la'asar sakaliya na ce alƙawari kaya ne, tun muna saurayi da budurwa yake ba ni labarin gidan wasan kwaikwayo na jami'arsu bai taɓa kai ni ba. Wani ɗan ƙaninsa da ke karatu a can ya riga ya gaya mini ɗalibai na da wasa a daren. Muka kama hanyar Samaru.

Jami'ar Ahmadu Bello an buɗe ta a 1962, kuma duk manyan benayenta ba wanda ya burge ni kamar wannan ɗan wuri. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, shi ya tsara shi a tsakiyar shekarun 1970, bai kuwa kwaikwayo gidajen wasan Turai ba, gidan Bahaushe ya duba: ɗakuna zagayayyu na ƙasa, katanga ta haɗe su, tsakar gida a buɗe sama na kallonka. Ba labule, ba wani dogon dandamali da zai raba ka da 'yan wasa. Daga wannan sashe ne malamai da ɗalibai suka riƙa fita unguwannin Samaru da ƙauyukan kewaye suna shirya wasa tare da mutanen wurin a kan matsalolinsu. Zariya dama tsohuwar hannu ce a wannan fage, a nan aka buga Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi.

Wasan daren kan rikicin rijiya ne a wani ƙauye, Turanci da Hausa a cakuɗe. Yaron da ya fito a mai gari ya cusa matashin kai cikin riga ya yi tumbi, duk wanda ya kawo ƙara sai ya fara leƙa abin da ke hannunsa. Can sai na ji wata dariya kusa da ni wadda na yi shekara huɗu ban ji ba, har da buga ƙafa. Da aka tsai da wasan aka ce 'yan kallo su yanke hukunci, wa zan gani ya miƙe? Alhaji! Ya gyara hula ya kawo nasa bayani, ɗalibai suka yi ta tafi suna "Sai Baba!" Kunya ta kama ni na ja mayafi na rufe fuska, amma wallahi daɗi ne fal cikina. Sanyi ya sauko, ya cire babbar rigarsa ya yafa mini a gaban 'ya'yan mutane.

Muna fitowa ya rage tafiya wajen ɗakin kwanan ɗalibai mata na Amina. Yana ɗalibi aka yi abin 23 ga Mayu 1986, ranar da 'yan sanda suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a cikin jami'ar. Hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka, kuma tushen rikicin jerin gwano ne na tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Ya yi musu addu'a a takaice, na shafa, muka wuce. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tona ba.

Abincin dare a PZ muka ci, cikin mota kamar masu zance: balangu mai zafi a takarda, yaji da albasa, da shayi mai citta. Ya riƙa zaɓo mini mai taushi yana cewa haƙorana sun tsufa. Na ce nasa fa?

Washegari da hantsi muka je Ƙofar Fada. Nan ne zuciyata ta karye. Masallacin Juma'ar da ke wurin tun shekarun 1830 aka gina shi, zamanin Sarki Abdulkarim, kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina, da ƙasa da azarar giginya, da bakan gizo masu tsayi waɗanda masana gini daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallo. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufin ya rufto kan masallata. Rahotannin farko sun ce mutum bakwai suka rasu, daga baya adadin ya ƙaru, wasu da dama suka ji rauni. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsagewa a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi sai ƙaddara ta riga fata. Ku duba fa, mutum ya yi alwala ya bar gida, matarsa na jiran ya dawo ta zuba masa abinci.

Ba mu shiga ba, daga fili muka tsaya. Alhaji ya ce a nan mahaifinsa ke riƙo hannunsa duk Juma'a, shi kuma maimakon sauraron huɗuba sai ya ɗaga kai yana ƙirga bakan gizo. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar rasuwar Hajiya. Mutane na wucewa, ba halin in riƙe shi, sai na miƙa masa gefen mayafina. Muka yi wa mamatan addu'a, Allah Ya karɓi shahadarsu, Ya ba iyalansu haƙuri.

A hanyar komawa Kuyambana ya ce, "Hajiya, ginin ƙasa ba ya son a juya masa baya. Damina biyu ba yaɓe, shi ke nan." Na gane ba masallaci kaɗai yake nufi ba, don da idona na ga tsagewa a bangon ɗakin Hajiya ta wajen gabas.

Bayan azahar 'yan'uwan suka taru a soro, mu mata muna ciki muna jiyo tashin muryoyi, Gwaggo na jan carbi tana cewa in an sayar ita ina za ta. Ba a tashi da matsaya ba. Biyu na son kuɗinsu, kuma ban ga laifinsu ba, akwai mai 'ya'ya tara a gidan haya. Alhaji dai bai sa hannu ba. Ya nemi a kira masu kimanta gida, a fitar masa da soro da ɗakin Hajiya da na Gwaggo cikin rabonsa, abin da ya hau ya biya a hankali, a sake zama bayan Sallah. Kafin mu kama hanya ya sa aka kira magini ya duba tsagewar nan, aka yi ciniki, ya ba da kuɗin ƙasa da makuba. Gwaggo ta cusa mini ƙullin daddawa da kuka da mazarƙwaila a jaka, ta ce ranar da za a fara yaɓe in tabbata na zo, ita ba za ta iya dafa wa magina abinci ita kaɗai ba.