Gobarar Landan a Ajin Kano

A shekarar 2013 na fara aiki a wata makarantar ƙasa da ƙasa a Kano, mai bin manhajar Ingila. Kafin nan na daɗe ina koyarwa a firamaren gwamnati, inda yara kan cika aji har bakin ƙofa, kayan aikina kuwa alli ne da allo da maƙogwarona. Aka ɗauke ni mataimakiyar malama a ajin share fage, na 'yan shekara huɗu zuwa biyar, yaran ko ashirin ba su kai ba.

Babu benci a jere a ajin. Daron yashi ne a gefe, wani daron na ruwa da mazurari da moɗa, ga kusurwar da aka mayar da ita kanti, ga yumɓu, ga tabarmar karatun labari. Malamar ajin, wata Baturiya mai fama da zafin Kano, ta miƙo mini ɗan littafi ta ce aikina in sa ido in rubuta: wa ya ƙirga murafen kwalba har goma ba a sa shi ba, wa ya fara riƙe almakashi daidai, wa ya bar wa ɗan'uwansa keke ba tare da kuka ba.

Tsarin da muke bi sunansa EYFS. A 2008 aka fara aiki da shi a Ingila, aka yi masa kwaskwarima a 2012, aka raba shi fanni bakwai. Uku su ne tushe: magana da sauraro, ƙarfin jiki da sarrafa gaɓoɓi, sai zama da mutane da danne zuciya. Huɗun da suka rage su ne karatu da rubutu, lissafi, sanin duniya, da fasaha. Hujjarsu ita ce yaron da yatsunsa ba su yi ƙwari ba, ko wanda bai iya zama ya saurari labari ba, wahalar banza ce a ɗora masa fensir.

Iyaye ba su karɓi wannan da sauƙi ba. Ranar ganawa da malamai a zangon farko, wani Alhaji ɗan kasuwa ya bar Baturiyar ya juyo gare ni da Hausa.

"Malama, ke ce tamu, ki gaya mini gaskiya. Wannan uban kuɗin da nake biya, na wasan yashi ne? Ɗan ƙanena a wata makarantar har ɗari yake rubutawa."

"Ranka ya daɗe," na ce, "a ba shi zuwa ƙarshen shekara. In bai karanta maka da bakinsa ba, ni za ka tuhuma."

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar faɗin haka shi ne darasin sautuka da muke yi kowace safiya, ɗan gajere, a kan tabarma. Ba a fara wa yaro da sunayen haruffa. Sautinsu ake koya masa, kowanne da motsin hannunsa, a fara da s, a, t, i, p, n, don da waɗannan shida kaɗai yaro zai haɗa ƙananan kalmomi masu yawa. A hankali har a kai sauti 42 na tsarin Jolly Phonics. Ni abin bai zo mini baƙo ba. A makarantar allo ma sai da muka gama babbaƙu aka sa mana farfaru, sannan muka fara haɗa baƙi. Kafin damina ta yi nisa ɗan Alhajin ya karanta masa ƙaramin littafi a mota, kashegari direba ya kawo mini turmin atamfa.

Da na bi yarana zuwa aji ɗaya na ga inda aka nufa. A ƙarshen shekarar ana gwada kowane yaro da kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, kowacce da hoton ɗan dodo a gefenta. A Ingila tun 2012 ake wannan gwaji, makarantarmu ta ara. Hikimar ita ce a bambance mai karatu da mai hadda, tunda ba yadda za a yi yaro ya haddace kalmar da babu ita. Na tuna ɗalibaina na dā, masu rera shafi guda da ka, amma in ka nuna musu kalma ɗaya a tsakiya sai su yi zuru.

Inda na fara jin wani iri shi ne abin da ake zubawa cikin darussan. Kimiyyar aji ɗaya ta ce a koyar da yanayi huɗu na shekara, littattafan kuwa cike suke da dusar ƙanƙara da jajayen ganyaye masu zuba. Muna cikin hunturu, hazo ya rufe gari, leɓunan yara sun tsattsage, mu kuma muna liƙa auduga a kwali da sunan ƙanƙara. Wata abokiyar aikina da ta girme ni ta ce, "Ƙanwata, takardar fa cewa ta yi yaro ya lura da sauyin yanayi ya bayyana shi. Ina ta ce sai na Landan?" Muka je wa shugabar sashe da maganar, ta amince. Muka yi allon damina da kaka da hunturu da bazara, yara suka riƙa auna ruwan sama a gorar roba da aka yanke, suka kawo zangarniyar gero daga gonakin kakanninsu.

A aji biyu darasin tarihi da ya fi shahara shi ne gobarar Landan ta 1666. Yarana sun san ta tashi daga gidan burodi a layin Pudding ranar 2 ga Satumba, ta yi kwana huɗu tana ci, ta lashe gidaje fiye da 13,000, don na katako ne, a cushe suke, ga iska. Sun fi son labarin Samuel Pepys, wanda ya rubuta abin da ya gani, ya kuma haƙa rami a lambunsa ya binne cukunsa. A ƙarshen Maris na 2016 sai gobara ta tashi a kasuwar Sabon Gari, ta cinye dubban shaguna. Da aka dawo hutu, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce shagon kawunta ya ƙone, ta tambaya ko su ma za a sa su a littafi.

Malamin ajin ya ajiye abin da ya shirya. Muka kwatanta gobarar biyu: cunkoson rumfuna, hanyar da motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga, kayan da wuta ke so. Kowane yaro ya je gida ya tambayi wani babba abin da ya gani ko ya ji, ya rubuto. Ban taɓa ganin rubutunsu ya yi tsawo da rai kamar na wannan makon ba.

Daga nan na zauna na karanta manhajar da aka sabunta a 2014 da kaina. Ashe ta umarci a koyar da tarihin garin da yaro yake zaune. Ta kuma ba manyan azuzuwa zaɓi tsakanin Bagadaza ta wajen shekarar 900, da al'ummar Maya, da masarautar Benin. Muka kai yara Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, suka taɓa ganuwar da tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa, suka ji yadda Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi. Da yawansu a Kano aka haife su, amma ranar suka fara taka cikin birni.

Maganar harshe ce ba mu ci nasara a kanta ba. Takardar EYFS ta wancan lokacin ta ce wajibi ne a ba yaron da Turanci ba harshen gidansu ba ne damar amfani da nasa harshen a wasa da koyo. Amma iyaye da dama su ne ke roƙon kada mu yi wa 'ya'yansu Hausa ko a filin wasa. Wata Hajiya da ta zo ɗaukar jikanta ta ce mini, "'Yata, yaron nan in na yi masa magana sai ya kalli uwarsa ta fassara. Wannan wane irin ilimi ne?" Darasin Hausa na mako-mako bai isa ya gyara abin da gida ya saki ba.

A 2018 na koma koyarwa a wata ƙaramar makarantar unguwa. Ba mu da daron yashi na kanti, yaran kuma sun ninka na can. Amma sautuka ba sa cin ko kwabo, murafen kwalba a bola ake tsinta, littafin lura kuwa na naira kaɗan ne. Da Hausa nake fara musu haɗa sauti, tunda rubutun boko kusan yadda ake faɗa ake rubutawa, in bakinsu ya faɗa sai mu tsallaka Turanci. Yawancinsu kan fara karatu kafin su gama aji ɗaya, kuma kowannensu yana iya gaida kakarsa.