Datar Banza Da Na Sayar A Maikunkele

Duk wanda ya riƙe wayar Android a Minna tsakanin 2015 da 2018 ya san abin da samari ke kira cit, wato shiga intanet ba tare da ka sayi data ba. A Maikunkele, hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso, ina cikin waɗanda ake zuwa wurinsu a saita wa mutum. Ina da ɗan shagon cajin waya da tura waƙoƙi a bakin titin da ya nufi Zungeru. Caji naira hamsin, setin cit naira ɗari biyu. Ranar da wani sabo ya fito, benci ba ya ɗaukar jama'a: 'yan acaɓa, ɗalibai, har da ma'aikata masu manyan riguna.

Yadda abin yake aiki ba tsafi ba ne. Duk lokacin da ka buɗe shafi, wayarka tana aika buƙata, a samanta kuma akwai wasu layuka da ke faɗin inda za ta da irin manhajar da ta aiko ta. Kafin ta fita duniya sai ta bi ta wata na'ura mai tsaron ƙofa, wadda masana ke kira furoksi. Ita ke duba ko kana da data, ko kana da izini, ko shafin yana cikin waɗanda aka hana. To akwai shafukan da kamfanoni ke bari a shiga kyauta, kamar na duba kuɗin layi, ko irin na Free Basics da Facebook ya kawo Nijeriya a 2016. Sai mu sa manhaja ta rubuta sunan shafin kyauta a saman buƙatar, alhali wani wuri daban za ta. Kamar motar doya ce aka liƙa mata takardar motar asibiti, mai shinge ya karanta ya ɗaga mata ƙarfe bai leƙa ciki ba. Da irin wannan ƙaryar ce wasu ke tsallake shingen intanet na makarantu da ofisoshi.

Ba mu muke haɗa setin ba. Fayil ne ake turowa a zaurukan WhatsApp da Telegram, a kulle, ba ka ganin abin da ke ciki. Yau yana ja, jibi an toshe, sai a jira wani. Wani lokaci kuma manhaja ce sukutum da wani ya yi wa kwaskwarima. Tana shiga waya sai ta nemi izinin karanta saƙonni da lambobin mutane. Ni da yatsana nake danna mata amincewa, mai wayar yana tsaye yana duba wani wuri.

Akwai wata baiwar Allah mai ɗinki a unguwarmu, da ɗinkin take riƙe marayunta. Hotunan atamfa da leshi take sa wa a Facebook, masu biki su gani su kira ta. Na saita mata irin wannan manhajar. Ba a daɗe ba ta zo shago da hantsi, mayafinta a karkace, ta ajiye wayar a kan teburina. Ta ce, “Ƙanena, duba min. Tun asuba 'yan uwa ke kira, wai na ce ɗana na asibiti a turo kuɗi.” An ƙwace shafinta na Facebook, an canza lambar sirri, an bi danginta ɗaya bayan ɗaya. Yayarta da ke Kontagora har ta tura kuɗin da ta tara na makarantar yara. Matar nan ba ta zarge ni ba. Da za ta tafi ma cewa ta yi, “Allah ya saka da alheri.” Wannan addu'ar ta fi zagi ciwo a wurina.

Wani ɗalibin sashen tsaron intanet na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wanda ke kawo caji wurina, shi ya duba wayar. Ya nuna min cewa manhajar tana iya karanta saƙon da ke ɗauke da lambar tabbatarwa. Sannan ya ce, “Yaya, duk abin da ya fita daga wayar nan ta kwamfutar wani yake bi. Ka san shi? Wa ke biya masa kuɗin na'urar, kuma don me?” Ba ni da amsa. Ya ƙara da cewa duk injiniyan da ya bar ƙofarsa tana yarda da abin da baƙo ya rubuta game da kansa, bai gama aikinsa ba, domin mai aikowa ne ke rubuta waɗannan layukan, yana iya sa abin da ya ga dama.

Na san hujjar da muke kafawa, don ni ma na sha faɗinta: data ta yi tsada, tana ƙarewa kamar ana zuƙe ta, kamfanonin kuma ba za su ji a jikinsu ba. Tsadar gaskiya ce, ga shi ma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Amma mai kuka da tsada yana da inda zai kai ƙara, hukumar tana da layin 622 na koke-koken masu waya. Da na kai maganar gaban limamin masallacinmu, tambaya ɗaya ya yi min: “Mai abin ya yarda?” Na ce a'a. Ya ce to haƙƙi ne, ko na attajiri ne, ko ba wanda ya gani. Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta sa shiga na'urar wani ba da izini ba cikin laifukan da ake ɗauri ko tara a kansu.

Na daina setin, ciniki ya ragu, wasu suka koma wurin wani. Na biya wa yayar matar abin da ya sawwaƙa a hankali, amma amanar da ta zube tsakanin matar da masu ba ta ɗinki ta daɗe ba ta dawo ba.

Ƙannena masu shagon waya, wanda ya miƙo muku wayarsa ya miƙo muku sirrin gidansa da asusun bankinsa. Kada ku zuba masa abin da ku kanku ba ku san cikinsa ba. Ku kuma masu neman na banza, ku sayi ta ɗari biyun da kuke iyawa, ku kashe ta idan kun gama. Masu basirar gano ɓaraka a na'ura, jami'a na nan kusa da mu, ku je ku koyi toshe ta a biya ku da halal. Allah ya tsare mu da cin haƙƙin wani.