Garmahon Da Ba Ya Cin Faifai

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridar nan in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna a kan sayen garmaho, domin na san ba ni kaɗai ba ne wanda tsofaffin fayafayi suka faɗo hannunsa ya rasa abin da zai sa su a kai. Nawa gado ne daga wan mahaifina, Allah ya jiƙansa, guda 43 a cikin akwatin ƙarfe, akwai na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo, akwai kuma waɗanda ban taɓa jin sunan mawaƙansu ba sai a jikin takardar faifan.

Wani zai ce, me ya kai malami ga wannan wahala, alhali waƙoƙin nan suna cikin wayar kowane yaro? To, waɗansu suna ciki. Amma yawancinsu daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ma daga wani kaset, an yanke kai an yanke gindi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, ba su sake rera ko baiti ɗaya. Ƙananan mawaƙan nan kuwa da babu wanda ya damu ya kwafe su, in faifansu ya mutu muryarsu ta bi shi. Garmaho marar kyau kuwa shi ne mai kashe faifai, saboda haka zaɓensa ba abin gaggawa ba ne.

Kafin mutum ya taya kowane inji, sai ya fara duba irin fayafayin da ke gare shi, gama iri uku ne. Tun da Emile Berliner ya fito da garmaho mai faifai a 1887, wanda ya daɗe yana cin kasuwa shi ne mai juyi 78 a minti, mai nauyi, mai fashewa kamar tangaran, wanda aka yi da wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya. Gefensa guda galibi bai fi minti 3 da 'yan kai ba. A 1948 kamfanin Columbia a Amurka ya kawo babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda gefensa kan ɗauki minti 20 ko fiye, a 1949 kuma RCA Victor ya kawo ƙaramin mai juyi 45. Nawa 9 ne masu 78, sauran duk na roba ne, galibinsu bugun EMI na Nijeriya.

Kada kowa ya ɗora faifan roba a kan garmahon wani irin na kakanninmu. Kan allurarsa ya fi giram 100, watau kusan nauyin sabulun wanka, allurar kuma ta ƙarfe ce wadda aka yi don a jefar bayan gefe guda. Zagayen farko ma ya isa ta nome layin faifan roba kamar garma. Na zamani mai kirki kuwa giram 2 ne ko 3 ke sauka a kan faifai, takardar rubutu guda ma irin ta ofis ta fi shi nauyi, don ita giram 5 ce.

Tun da faifai ya farfaɗo a ƙasashen Turawa, har a 2022 aka sayar da shi a Amurka fiye da CD, abin da ba a gani ba tun 1987, sai masu ƙira suka cika duniya da wani ɗan garmaho mai kama da jakar tafiya, lasifikarsa a jikinsa. Shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi ɗaukar ido. Na riƙe shi a hannuna a Kano na juya, na ajiye. Hannunsa ba shi da abin daidaita nauyi, yakan danne faifai da giram 5 ko 6, allurarsa ba ta daɗewa take dakushewa, lasifikar kuma da ke manne da shi tana girgiza allura tana sa ta tsalle. Wanda ya sayi sabon faifai da zai iya sake saye, wannan bai dame shi ba. Mu da namu ba su da na biyu, araha ba ta ado.

Abin da zan fi daɗewa a kansa shi ne wuta, domin nan ne mutumin ƙauye ya bambanta da na birni, kuma ba a cika faɗa wa mai saye ba. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce, tana bugawa sau 50 a sakan. Ta Amurka bolt 120 ce, sau 60. Akwai garmahon da injinsa da bugun wutar yake auna gudunsa. In irin wannan ne aka ƙera don Amurka ya faɗo cikin kayan gwanjo, ko ka sa masa taransifoma ka gyara ƙarfin wutar, bugun bai gyaru ba, faifan 33 zai riƙa juyi kusan 28, sai ka ji Shata ya koma kamar wanda aka tasa daga barci. Ko wanda aka ƙera don wutarmu, in ka ɗora shi a kan ƙaramin janareta, duk sa'ad da janaretan ya yi nishi kalangu ya yi nishi tare da shi. Mu nan Lakwaya da sola da batir ne abin dogaronmu, wanda ya dace da mu shi ne mai injin da ke auna gudunsa da kansa, ba ruwansa da bugun wuta. Cikin sababbi, Audio-Technica AT-LP60X irin wannan ne, da bolt 12 yake aiki ta wata 'yar adafta, sai dai 33 da 45 kaɗai ya sani. Wansa AT-LP120X ya san 78, kuɗinsa kuwa ya kai ninki biyu, ya fi ƙarfin albashin malamin firamare.

Gwajin gudu ba ya bukatar makanike. Ɗora ɗan guntun takarda a bakin farantin, ka kama agogo. In 33 da sulusi ne, sai takardar ta wuce gabanka sau 100 daidai cikin minti 3. Mai kayan da ya hana ka wannan ƙidaya, ka gode masa ka yi gaba.

Ni dai na yi sawu biyu ta hanyar Gwarzo zuwa wajen masu kayan lantarki na Sabon Gari, na tsaya a kan wani tsohon ƙirar Japan na hannu. Abin da ya ja ni gare shi, a gindin hannunsa akwai dunƙulen ƙarfe mai lamba wanda ake murɗawa a saita nauyin allura, kuma allurar tana cirewa a sa wata. Da bel yake juya farantin. Bel roba ne, zafin ƙasarmu yakan saki shi, na tarar da nasa ya yi yauƙi, amma shi ne abu mafi sauƙin kuɗi a jikin inji duka. Masu juyi ba bel, irin Technics SL-1200 da ya fito a 1972, sun fi ƙarko, sai dai masu kiɗan biki na duniya sun sa musu tsada. Allura kuwa ban yarda da wadda na tarar ba, don babu mai sanin awa nawa ta yi. Ta daimon mai sauƙin kuɗi awa 300 zuwa 500 ake ba ta, in ta wuce nan ta zama wuƙa. Na sa kuɗin sabuwa a cikin lissafi tun kafin in taya.

Wani abu kuma, muryar da ke fita daga allura ƙanƙanuwa ce ƙwarai, an kuma rage mata kauri da gangan tun wajen yankan faifai. Sai ta bi ta wata 'yar na'ura ta maido ta. Tsofaffin amfilifaya suna da ita, za ka ga rami an rubuta PHONO. In babu a garmahon babu a amfilifaya, za ka ji waƙa kamar kukan sauro, ka zaci an cuce ka, alhali inji lafiyarsa lau.

Ajiya ba ta da dogon bayani. A tsaye ake jera faifai kamar littattafai, nesa da rufin kwano, don roba tana lanƙwashewa da zafin bazara, in ta lanƙwashe kuwa da wuya ta miƙe. Da hunturu ƙura takan manne mata, sai a goge da ƙyalle mai laushi ana bin layi. Masu 78 kada sifirit ya kusance su, narkar da su yake yi.

Saura waɗannan 9 ɗin. Injina bai san gudunsu ba, ko da ya sani ma layinsu ya fi faɗi, allurarsu ta fi ta faifan roba kauri kamar sau huɗu, siririya in ta shiga sai ta faɗa ƙasan layin ta kwaso tsaki. Garmahon wani zai iya sa su, amma kowane sawu yana ɗebe wani abu daga jikinsu, ni kuwa so nake a ji su sau ɗaya da allura marar nauyi a ɗauke muryar a ajiye. Saboda haka, Malam Edita, in akwai wani cikin masu karatu, daga Gwarzo ko Getso ko Kabo ko cikin birni, wanda ke da garmahon lantarki mai juyi 78 da allurarsa, ina roƙo ya sanar ta jaridar nan. Ni zan kawo fayafayin da kaina a naɗe cikin bargo, kuɗin mota kuma nawa ne.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Lakwaya, Gwarzo.