Direban Babbar Mota

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina, ƙasar noma ce. Ana noma masara da dawa da waken soya da auduga, da rani kuma mutanen Ɗanja su kan yi lambun tumatir. Abin da a ke samu ya fi ƙarfin cikin mutanen wurin, saboda haka tilas a kai sauran inda a ke bukata. A da jirgin ƙasa ya kan ɗebi kaya mai yawa, balle auduga, gama hanyar jirgi ta tashi daga Zariya, ta ratsa Funtuwa, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Yau kuwa aikin ya koma wuyan direban babbar mota.

Ba a zama direba rana ɗaya. Da farko mutum ya kan zama yaron mota, wanda waɗansu ke kira karen mota. Shi ke wanke mota, shi ke zuba mata ruwa, in ta tsaya a kan tudu shi ke dirowa da gudu ya sa weji a bayan taya don kada ta gangara. Ya kan shekara da shekaru yana wannan wahala kafin maigidansa ya yarda ya ba shi sitiyari.

Ran da direba ya sami lodi, sai ya kai mota bakin kasuwa, ko Ɗandume, ko Bakori, ko cikin Funtuwa. 'Yan dako su yi ta jido buhuna, shi kuwa yana tsaye yana ƙirga. Tirela mai ɗaukar tan 30 ta kan ci buhu 300, in kowane buhu kilo 100 ne. Ƙirgan nan ba wasa ba ne. In aka rubuta 300 a takarda, can aka sauke 299, shi za a tambaya, ko da kuwa ba a tafi da mai kayan ba. In an gama, sai a lulluɓe da tamfol, a ɗaure tam da igiya. Sa'an nan ya zaga motar, ya bubbuga tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana sauraro, ya duba mai da birki da fitilu. Ya leƙa gida ya bar kuɗin cefane, ya yi sallama da iyali, ya ce bismillahi, ya tayar.

Daga Funtuwa zuwa Ikko tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Akwai hanya ta Birnin Gwari, amma tun da 'yan bindiga suka addabi dajin nan, direbobi da yawa suka gwammace su zaga. Su bi ta Zariya da Kaduna, su huta a Tafa, su juya ta Lambata da Bida har Mokwa. A Jebba su ƙetare kogin Kwara a kan gada, su wuce Ilori da Badun. Mota mai nauyi ba ta sauri. A kan yi kwana biyu ko uku, in ta lalace kuwa sai yadda hali ya yi.

Kada ku ga direba zaune ku ce hutawa ya ke yi. Idonsa na kan hanya, kunnensa na kan inji. Direban ƙwarai ya kan ji ciwon motarsa daga kukanta, tun kafin bakanike ya buɗe ta. In ya zo gangare sai ya sa ƙaramar giya tun daga sama, don in ya dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya ƙi kamawa. In lokacin salla ya yi, ya raɓe gefe, su yi alwala da ruwan jarka. Abinci kuwa sai abin da aka samu a tasha, yau tuwo, gobe shayi da burodi.

Babban abokin gabarsa barci ne. Ya fi damun mai ɗauke da tumatir, don masara ta iya jira, tumatir kuwa ba ya jira. In ya makara kwanduna su ruɓe kafin a kai kasuwar Mil 12, manomi da falke su yi hasara. Mai kaya yana ta buga waya yana cewa a yi sauri. Waɗansu direbobi su kan sha ƙwaya don su kore barci, su ne kuwa a kan ga motocinsu kwance a gefen hanya. Mai hankali ya kan tsaya inda 'yan'uwansa suka tsaya, ya shimfiɗa tabarma a gaban mota, ya rintsa ko na sa'a biyu ne, yaro na gadin kaya.

In an sauke kaya lafiya, ba ya so ya komo fanko, gama kuɗin gas na dawowa zai cinye ribar zuwa. Sai ya zauna jiran lodi, wani lokaci har mako guda. In ya dace ya sami gishiri, ko sukari, ko takin zamani wanda manoman Malumfashi ke jira kafin ruwa ya sauka. A hanya ya tsaya ya sayi doya da manja da ayaba na tsaraba. Yaran unguwa sun san muryar hon ɗinsa, tun yana nesa su kan sheƙa gida su ce Baba ya dawo. Ya kwana biyu ko uku a gida, a canja wa mota baƙin mai, a gyara abin da ya saki, ya koma bakin kasuwa neman wani lodin.