Rairayin Basam da rairayin Mayahi

Akwai wani manomi a Kanan Bakashe, cikin ƙasar Mayahi. Shina da mata guda, da ɗiya huɗu, da gona biyu. A damanar 2015 hatsin da ya samu bai cika mishi rumbu ba. Da aka ƙare girbi sai ya saida awaki biyu, ya ɗaure malhuna talatin na kaba waɗanda ya saƙa da hannunshi, ya shiga mota a Tasawa. Ya bi ta Maraɗi, da Yamai, da Wagadugu, har Abijan, ƙasar Kodibuwar. Daga nan ya wuce Garan Basam, tahiyar kilomita 40 gabas da Abijan, wurin wani dattijo mutumin Tasawa.

Basam gari ne na bakin teku. A 1893 Faransawa suka maida shi babban birnin ƙasar. A 1899 ciwon shawara ya kashe mutane da yawa, sai gwamna ya tashi ya koma Banjarbil. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Abijan a 1951, fatauci ma ya bi can. Tsoffin benaye suka rage, wasu itace ya tsiro cikinsu. A 2012 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Yanzu abin da ke kawo kuɗi a bakin ruwan shi ne baƙi masu yawon buɗe ido.

Ranar da mutumin ya hwara ganin teku, sai ya tsaya ya riƙe baki. Ruwa ne ba a ganin ƙarshenshi, ga ruri dare da rana, ga gishiri ba shi shayuwa. Itatuwan kwakwa sun yi jeri, dogaye, sun hi gorubar Gulbin Kaba tsawo. Amma abin da ya hi ba shi mamaki shi ne rairayi.

A Mayahi rairayi abokin gaba ne. Iska ta taso, ta bizne shibka, mutum ya sake neman iri. A Basam kuwa asabar da lahadi motoci na zuwa daga Abijan cike da ma'aikata, da ƴan kasuwa, da Turawa. Su biya kuɗin rumhwa, su biya kuɗin kujera, su tuɓe riga su kwanta bisa rairayin nan cikin rana. Ya ce ma dattijon: "Alhaji, ashe abin da ke kashe mana hatsi, nan sayenshi ake?" Alhaji ya yi dariya ya ce: "Ƙanena, hutu suke saye. Wanda ya wuni cikin ofis, rana ce marmarinshi."

Alhaji ya gargaɗe shi kan abu biyu. Na hwarko, kada ya shiga ruwa ko da wasa, don tekun Basam na da ja daga ƙasa, yana cin har waɗanda suka iya iyo. Na biyu, ya ɓoye kuɗin motar komawa gida wuri dabam, kada ya taɓa su ko yunwa ta matsa.

Malhuna suka ƙare cikin sati ukku, ko wace da kuɗin da ya ninka na kasuwar gida. Sai Alhaji ya ba shi takalma da jikkunan hwata bashi, shina yawo da su rumhwa rumhwa. Da rana ya ci garba, wato garin rogo da soyayyen kihi, abincin da ƴan Nijar suka yi suna da saida shi a Kodibuwar. Ya aika ma iyali kuɗin hatsi sau biyu. Har ya hwara tunanin barin noma. Ya ce a ranshi, gonar da ake girbe ta ko wane lahadi ta hi wadda ake jira shekara.

Ran lahadi 13 ga watan Maris 2016, da tsakar rana, bakin ruwa cike da jama'a, wasu mutane ukku suka hito da bindigogi suna harbi. Ya yada kaya ya ruga, ya ɓuya bayan wani gini har la'asar. Mutum 19 aka kashe ranar, baƙi da ƴan ƙasa. Ƙungiyar Alƙa'ida ta ce ita ta aiko su.

Bayan haka bakin teku ya zama kango. Rumhuna ba kowa. Masu otel suka rage ma'aikata. Sati ya bi sati, mutumin bai saida takalmi ko guda biyar ba, ga bashin kayan da ya yada. Teku na nan, rairayi na nan, rana na nan, amma mai saye ya ji tsoro.

Cikin watan Mayu matarshi ta kira shi ta wayar maƙwabci. Ta ce: "Maigida, hadari ya hwara haɗuwa gabas. Kowa ya share gonarshi, taka ce ta rage. Irin da ka aje shina nan, ban taɓa ba." Alhaji ya ce mishi: "Ka yi haƙuri ka zamna, baƙi za su komo." Gaskiya ya hwaɗi, don daga baya sun komo. Amma mutumin ya kwana shina lissahi. Baƙo na iya komowa baɗi. Ruwan shibka in ya wuce, ya wuce da abincin shekara.

Da sahe ya ba Alhaji abin da ya tara cikin bashi, suka yi alkawarin sauran bayan kaka. Ya kwance ƙullin kuɗin mota. Ya iso gida kwana huɗu kahin ruwan hwarko, ya yi shibka tare da jama'a.

Tun daga nan ya koma Basam sau da yawa, kuma ya biya Alhaji. Matasan garinsu in sun so tahiya bida sukan zo wurinshi. Shikan ce musu su tahi da takardunsu cikakku, da sana'ar hannu, su aje iri kahin su tashi, su nisanci ruwan teku. Daga watan Afirilu kuma su riƙa tambayar labarin hadari a gida.